Neman Kabarin Sojan da Bai Komo Ba: Sunan Gida da Sunan Rajista

A al'adar Hausawa ba a rubuta kabari. Idan mutum ya cika, aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, sai a kai shi makwancinsa, a jera itace ko fasassun tukwane a bakin ƙaramin ramin, a lilliƙe da laka, a mai da ƙasa. Ko da yake a birane yanzu akan ga an kafa ɗan allon ƙarfe mai suna, wannan baƙon abu ne, kuma ba a saba buɗe littafi a shigar da wanda aka binne ba. Damina biyu ko uku sun isa su kwantar da tudun ƙasar, daga nan kuwa abin da ya rage shi ne sanin waɗanda suka raka gawa, da na masu haƙar kabari, waɗanda kan ce wane yana gabas da tsamiyar can, dab da ƙaninsa. In an ɗebe kushewun manyan malamai da sarakuna, irin Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, da wuya a sami kabarin da jikoki za su iya nunawa da yatsa bayan shekara hamsin. Abin kuwa bai cika damun kowa ba, tun da an san garin, an san makabartar, an kuma san dangi ne suka sa mamacin a ciki da hannunsu.

Akwai wani rukuni na mamatan ƙasar Hausa wanda al'amarinsu ya zo a juye. Babu ɗan'uwan da ya ga jana'izarsu, amma an rubuta su a littafi, da rana da wata da shekara, wani lokaci har da lambar layin da kabarin yake. Waɗannan su ne sojojin da suka mutu a ƙarƙashin tutar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu. A gidaje da dama a Kano da Zazzau da Katsina da Bauci har yanzu akan ji an ce kakan wane ya tafi yaƙin Burma bai komo ba, iyakar labarin ke nan. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake bin sawun irin wannan mutum a rajistar kaburburan yaƙi, da nuna cewa mafi wuyar aikin yana ga harshe, watau ga ratar da ke tsakanin sunan da aka san mutum da shi a gida da wanda akawun soja ya rubuta.

Inda aka kai su, da wanda ya rubuta su

Rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya soma haɗawa a 1897, aka kuma san ta da harufan RWAFF tun daga 1928, ta ɗebi mafi yawan mayaƙanta na Nijeriya daga Arewa. A yaƙi na farko sun fafata da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora, sa'an nan aka kwashe su ta teku zuwa Afirka ta Gabas, inda suka yi asarar mutane da yawa a Mahiwa, cikin ƙasar Tanzaniya ta yau, a watan Oktoba na 1917. A yaƙi na biyu sun fara da Somaliya da Habasha a 1941. Daga 1943 aka juya da su Indiya da Burma. Runduna ta 81 ta bi kwarin kogin Kaladan. Bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka sa su cikin mayaƙan Chindit na Janar Wingate waɗanda suka yi yaƙi a bayan dagar Japanawa a 1944. Runduna ta 82 kuwa ta ratsa lardin Arakan, ta haɗu da ta 81 suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Sunayen barikoki kamar Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya daga wannan yaƙi aka samo su.

Amfanin sanin wannan ga mai nema shi ne, rajistar an tsara ta bisa wuri da runduna. In tsohuwa ta tuna cewa mijin yayarta ya aiko da wasiƙa daga Habasha, ko kuwa an ce shi mai ɗaukar kaya ne a daji, jirgin sama ke jefo musu abinci, to, ta riga ta rage wa mai bincike rabin tafiya.

Hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwal, wadda aka fi sani da CWGC. An kafa ta a 1917 bisa ƙoƙarin Fabian Ware, a lokacin tana ɗauke da sunan Daular Ingila, aka canza mata suna a 1960. Tana kula da sunayen mutum wajen miliyan 1.7 a ƙasashe fiye da 150. Sai dai tana da iyaka ta lokaci: wanda ya mutu yana soja tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921, ko tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947. Sojan da aka sallama ya komo gida ya rasu a 1950, ko da raunin yaƙi ne ya kashe shi, ba ya ciki. Rajistar tana shafin intanet na hukumar, kowa yana iya dubawa ba tare da biyan ko kwabo ba.

Ga wanda ya mutu a Burma, wurin da za a fara dubawa shi ne makabartar Taukkyan, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Rangun, wanda yanzu ake kira Yangon. An buɗe ta a 1951 don a tattaro gawawwakin da ke makabartu huɗu na fagen fama, watau Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, waɗanda kula da su a inda suke ya gagara. Mamatan Arakan sun zo daga Akyab, na Chindit da yawa daga Sahmaw. Tana ɗauke da kaburbura 6,374 na yaƙi na biyu, 867 daga ciki ba a san ko su wane ne ba. A tsakiyarta akwai dogon gini mai ginshiƙai, wanda aka buɗe a 1958, an zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. In aka gwada waɗannan adadi biyu za a ga inda rinjaye yake: wanda ya sami sunan kakansa, ya fi yiwuwa a jikin ginshiƙi ya same shi, ba a kan kabari ba. Dalili kuwa a fili yake. An binne mutane a gefen turba cikin kurmi, ruwan damina na can ya wanke alamun, faifan shaida na sojan Ingila na lokacin kuma da wani abu mai kama da kwali aka yi shi, wanda danshi kan lalata. Waɗanda aka kai asibiti a bayan daga suka cika a can su ne suka fi samun kabari sananne, shi ya sa ake samun sojojin Afirka ta Yamma a makabartun Chittagong da Maynamati, a ƙasar Bangladash ta yau, kowacce da kaburbura fiye da 700.

Matsalar suna

Rajistar an gina ta ne bisa tsarin sunan Bature: sunan iyali wanda ake gado, sa'an nan sunan mutum. Bahaushe na wancan zamani ba shi da sunan iyali irin wannan. Yana da sunan yanka da aka raɗa masa ranar suna, yana da laƙabi ɗaya ko biyu, in ana son bambanta shi da takwaransa kuma sai a jingina shi ga uba, ko sana'a, ko gari. Da saurayi ya tsaya gaban mai ɗaukar soja aka nemi suna na biyu, abin da aka fi rubutawa shi ne sunan gari. Haka aka cika littattafan soja da sunaye masu siffar Musa Kano, Audu Katsina, Garba Bauci, kowane ɗaya da masu amsa shi barkatai.

Sunan garin ma ba lalle ne ya zama mahaifa ba. Mutumin ƙauye yakan faɗi babban birnin da ya san Bature zai gane, ko garin da aka ɗauke shi aiki. Wanda ya baro gida ba da yardar iyaye ba, ko yana gudun haraji ko bashi, yana da dalilin faɗar wani gari dabam. Bugu da ƙari, da yake Hausa ita ce harshen bariki, mutane da yawa waɗanda ba Hausawa ba sun shiga da sunan Hausa, wasu kuma aka laƙaba musu sunan ƙabila a matsayin suna na biyu. A rundunar Gwalkwas, watau Gana ta yau, wannan ya zama ruwan dare. Sojan nan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a 1914, a ƙasar Togo, Alhaji Grunshi aka rubuta shi, Grunshi kuwa sunan jama'a ne.

Sai kuma al'adar sakaya suna. A gidan Bahaushe uwa ba ta kiran ɗan farinta da sunansa, mace ba ta ambatar sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuwa sai a nemo masa abin da za a riƙa kiransa. Sabo da haka mai yiwuwa ne jikoki su tashi ba su taɓa jin sunan yankan mutumin da suke nema ba. Sun san shi da Ɗanladi ko Ɗanjuma ko Bala, watau da ranar da aka haife shi, ko da Tanko don ya biyo mata, ko Mai Kano, ko Baba Ƙarami. Shi kuwa wataƙila Muhammadu ya gaya wa akawu. Akasin haka ma yana faruwa: gida su riƙe Abubakar, rajista ta riƙe Garba. A nan sanin laƙubban da ke bin sunayen yanka yana da amfani ƙwarai, domin kowane Abubakar Garba ne, Usmanu Shehu ne, Umaru Sanda ne, Yusufu Maitama ne. Mai nema sai ya jera duk sunayen da mutum ɗaya zai iya amsawa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wannan ga rubutu. Wanda ya riƙe alƙalami Bature ne ko akawu ɗan Kudu, da kunnensa ya ji, da ƙa'idar Ingilishi ya rubuta. Babu ƙugiya, don haka Ɗan ya koma Dan, Ƙaura ya koma Kaura. Ba a damu da ɗauri ba, Mamman yana iya fitowa Maman ko Mama ko Momo. Akan cusa wasali inda babu, Garba ya zama Garuba. Yusufu yakan fito Yesufu, Sa'idu ya fito Seidu, Ibrahim ya fito Braima ko Brimah. Garuruwa kuma da rubutun taswirar Turawa suke: Sokoto, Zaria, Bornu, Bauchi. Na'urar bincike ba ta san cewa waɗannan abu guda ne ba. Abin da aka buga mata shi take nema. Har ila yau, sau da yawa an zuba sunayen sojan Afirka duka biyu a gurbin sunan iyali, sai wanda ya raba su gida biyu ya tashi hannu wofi alhali mutumin yana nan. Manazarcin harshe zai lura cewa waɗannan kurakurai suna bin tsari, har suna iya nuna harshen uwa na wanda ya yi rubutun. Fage ne na nazari da ya cancanci a shige shi don kansa.

Lamba

Abin da ke yanke gardama shi ne lambar soja. Kowane soja yana da tasa shi kaɗai, ta sojan Nijeriya a yaƙi na biyu takan fara da harufan NA, ta Gwalkwas da GC. In an same ta, sunan ya zama abin tabbatarwa kawai. Ana samunta a kan tsohuwar wasiƙar da sojan ya aiko, ko takardar kuɗin da ake biyan iyalinsa daga albashinsa, ko sanarwar mutuwa da ta biyo ta hannun Di'o da hakimi, in Allah ya sa gara ba ta cinye ba. Inda babu ko ɗaya, takardar sallama ta abokin tafiyarsa wanda ya komo tana iya taimakawa, domin galibi waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a wuri ɗaya lambobinsu na kusa da juna.

Hausa ta ba kalmar lamba ma'ana biyu, ta ƙidaya da ta yabo, kuma a nan sukan rikita mutane. Lambobin yabo na yaƙi na farko an buga sunan mai su da lambarsa ta soja da rundunarsa a jikinsu, saboda haka wadda aka tsinta a ƙasan adaka shaida ce sosai. Na yaƙi na biyu kuwa, har da tauraron Burma, Ingila ta raba su ba suna. Suna nuna fagen da mutum ya je, ba sa nuna ko wane ne.

Idan an dace, abin da rajista za ta bayar shi ne muƙami, kamar farabiti ko kofur ko saje, da lamba, da bataliya, da ranar mutuwa, da wurin da aka binne shi ko aka zana sunansa. Adireshin kabari kashi uku ne: lambar fili, harafin layi, lambar kabari. Ga wanda ke jikin gini kuwa lambar fuskar ginshiƙin ake bayarwa, inda aka jera sunaye runduna runduna, muƙami muƙami. A ƙarƙashin wasu sunaye hukumar ta liƙa hotunan ainihin takardunta, ciki har da na tono da sake binnewa, waɗanda kan nuna inda aka fara binne mutum kafin a kawo shi Taukkyan. Wannan takarda ita ce mafi kusa da gaya wa dangi inda ajali ya same shi. Da ranar mutuwa da lambar bataliya kuma ana iya zuwa ga littafin yau da kullum da kowace bataliya ta ajiye a lokacin yaƙi, waɗanda ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ingila a Kew, a ga inda rundunar take a ran nan da abin da ya auku. Sai dai kada a sa rai da yawa: waɗannan littattafai sukan ambaci hafsoshin Turawa da suna, su ba da baƙaƙen sojoji da ƙidaya. A gida kuwa fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma ƙungiyar 'yan mazan jiya da aka kafa a 1964, mai rassa a jihohi.

Zuwa Taukkyan da ƙafa ya yi wuya tun juyin mulkin da soja suka yi a ƙasar a 2021, amma shafin hukumar yana da taswirar makabartar fili fili.

Waɗanda ba a rubuta ba

Duk abin da aka faɗa ya fi dacewa da yaƙi na biyu. Mai neman wanda ya mutu a Kamaru ko Afirka ta Gabas a yaƙi na farko yana iya bin kowace dabara ya rasa, kuma laifin ba nasa ba ne. Hukumar ta kafu a kan alkawarin daidaita kowa a mutuwa, ba bambancin muƙami ko launi ko addini, amma a Afirka ba ta cika shi ba. A 1923 gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya ba da shawarar cewa talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya ga darajarsa, jami'an hukumar kuma suka karɓi irin wannan ra'ayi. Aka bar kaburburan 'yan Afirka da yawa suka ɓace, aka wadatu da gine-ginen tunawa. A Nijeriya akwai irinsu a Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba. Mafi rashin rabo su ne 'yan dako, waɗanda aka kwasa don ɗaukar kayan yaƙi, cuta ta kashe su da yawa.

Lalle wani zai ce ai Bahaushe da kansa ba ya rubuta kabari, to, ina laifin gwamnan? Amsar ita ce Bahaushe yana barin kabari ba suna ne a inda dangi suka san wurin, suka kuma san ranar. Wanda aka ɗauke shi zuwa wata ƙasa ya mutu can, rubutun nan shi kaɗai ne zai tsaya a madadin 'yan rakiya, kuma da shi ne a lokacin mace za ta san ranar da takabarta ta fara, magada su san an yi mutuwa. Ba a kuwa tambayi iyalan ba kafin a yanke musu hukunci.

Binciken Farfesa Michèle Barrett, da wani shirin talabijin da ɗan majalisar Ingila David Lammy ya gabatar a 2019, su suka tilasta hukumar ta kafa kwamiti. Rahotonsa na watan Afrilu 2021 ya gano cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla wasu 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko kuwa ba a tuna da su sam. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Tun daga nan hukumar ta shiga tonon ma'ajiyoyi tana ƙara sunaye, a watan Janairu 2025 kuma ta buɗe wurin tunawa a Kef Tawun mai sunayen lebura fiye da 1,700 na Afirka ta Kudu. Ma'anar wannan ga mai nema ita ce rajistar ba a rufe take ba, sunan da babu shi bana yana iya bayyana baɗi.

Hausawan Nijar nasu neman ta wata ƙofa yake, domin kakanninsu a rundunar Faransa suka yi yaƙi, cikin sojojin da ake kira tirayar na Sanagal ko da ba daga Sanagal suke ba. Ma'aikatar sojan Faransa tana da shafi mai suna Mémoire des hommes, inda ta sa katunan waɗanda suka mutu mata a yaƙi da jerin kaburburansu. Cikas ɗin iri ɗaya ne, rigarsa ce ta sake: Musa ya zama Moussa, Usmanu ya zama Ousmane, Mamman ya zama Mahamane, Damagaram kuwa sai a neme ta da Zinder.

A ƙarshen kowane suna a rajistar CWGC akwai gurbi na ƙarin bayani, inda akan rubuta ɗan wane ne, mijin wance ne, daga gari kaza. Ga sojojin Afirka ta Yamma, wasu an cike musu, da yawa kuwa gurbin fayau yake, har shekarun haihuwa babu. Hukumar tana karɓar gyara da ƙari daga dangi, tana kuma duba batun wanda aka tsallake, amma sai da hujja a rubuce wadda ta haɗa mutumin da lambarsa. Abin da zai kai ga hujjar kuwa, watau cewa Tankon da ya tafi shekarar da aka yi fara shi ne Muhammadun da ke jikin ginshiƙi, a bakin tsofaffi yake. Saurayin da aka ɗauka yana da shekara ashirin a 1943, da yana raye da ya haura ɗari. Waɗanda suka rage su ne ƙannensa da 'ya'yan da ya bari a goye, su ma sun ba tamanin baya. Malamin da ke tura ɗalibai ƙauyuka tattara adabin baka yana iya ƙara musu tambayoyi uku: wa ya tafi soja daga gidan nan bai komo ba, da waɗanne sunaye ake kiransa, kuma akwai wata takarda tasa da ta rage.